Raba-Gardama, Bindigar Gwadabe

Wani mutum ne a garinmu, Dogon Marke, ana kiransa Gwadabe. Da cika baki sana'a ce, da tuni Gwadabe ya gina bene ya zuba tantabaru a sama. Gajere ne mai tumbi, ga murya ta cika gari. Ba abin da bai taɓa yi ba a duniya. Ka ce ka ga kura, shi ya taɓa kama ta da hannu. Ka ce maciji ya sare ka, shi ya taɓa cizon maciji, macijin ne ma ya mutu. Amma duk cikin kurinsa babu wanda ya fi ji da shi kamar na bindigar kakansa, wata harba-ka-ruga da ya sa wa suna Raba-Gardama. Tun muna samari muke jin labarinta, kuma ba wanda ya taɓa sa ta a ido. In ka ce ya nuna maka sai ya harare ka ya ce, "Bindiga amarya ce da za a riƙa leƙenta?"

To a daminar nan da ta wuce sai ɓarayin awaki suka sako mu gaba. Da rana tsaka, mutane na gona, sai su zo a kan babur su sunkuci akuya su yi gaba. Yau gidan wane, gobe gidan wane. Abin ya ishi kowa. Mai unguwa Bawale, dattijo ne da ya ga jiya ya ga yau, ya ce a kafa 'yan sintiri, a zaɓi shugabansu. Ya ma sayo usur da riga mai aljihuna a kafaɗa, ya rataye a zaurensa. Tun ranar da Gwadabe ya ga rigar nan bai sake barci mai daɗi ba. So yake a ce masa Kwamanda ko da kwana ɗaya ne a duniya.

Majalisarmu a gindin ceɗiya take, daidai ƙofar gidan Gwadabe. A nan gardama ta ɓarke: a ajiye bindiga a gidaje ko kada a ajiye?

Gwadabe ya miƙe ya gyara zariyar wando ya ce, "Gidan da ba bindiga ai zaure ne kawai. Kowa ya sayi tasa. Ɓarawo ya san in ya shigo da ƙafa biyu, a kan makara zai fita."

Alhaji Shitu mai injin niƙa, mutum ne mai sanyin magana, ya ce, "Gwadabe, bindiga ba ta san mai gida ba. Kana da yara, ina da yara. Ranar da yaro ya ɗauko ta yana wasa fa? Ranar da kai da maƙwabcinka kuka yi cacar baki a kan iyakar gona, ga ta a jingine? Fushin da za a yi da baki a shirya da yamma, sai a yi shi da albarushi a ƙare a maƙabarta."

"Maganar matsorata ke nan."

"Ga hukuma kuma. Kana da takardar izini?"

"Kakana ya kashe ɓauna ba da takarda ba."

Wani daga gefe ya ce, "Amma fa Alhaji, in sun zo da makami, da me za mu tare su? Da muciya?"

Alhaji Shitu ya ce, "Da usur da gora da haɗin kai. Ɓarawon akuya ba abin da yake tsoro kamar taron jama'a."

Nan fa majalisa ta rabu biyu. Samari suka bi Gwadabe suna ta bugun ƙirji, kowa na cewa shi ma zai sayar da buhun gyaɗa ya mallaki tasa. Dattawa suka bi Alhaji Shitu. Aka yi ta yi har mai shayi ya manta ya zuba sukari sau biyu a kofi ɗaya.

Mai unguwa ya bari sai da kowa ya gaji, sannan ya yi gyaran murya ya ce, "Gani ya kori ji. Gwadabe, ranar Alhamis bayan la'asar ka fito mana da Raba-Gardama. Mu gan ta, ka harba sau ɗaya sama mu ji muryarta. In ka yi, riga da usur naka ne, ni da kaina zan raka ka wurin hukuma a rubuta ta. In ba ka yi ba, mun bi maganar Alhaji Shitu, shi ne shugaba."

Gwadabe ya ce, "Ranka ya daɗe, a gaya wa masu juna biyu su toshe kunne."



Yanzu bari in gaya muku gaskiyar lamarin, yadda ta fito daga baya. Bindiga dai akwai ta, wannan bai yi ƙarya ba. Da aka raba gadon kakansa aka miƙo masa ita a naɗe cikin tsohuwar tabarma. Sai dai Gwadabe tsoronta yake kamar mutuwarsa. Ji yake in ya taɓa ta za ta tashi da kanta. Don haka bai ko warware tabarmar ba, ya hau tsani ya zura ta can ƙasan rumbu, aka yi ta jibga mata dammunan gero shekara da shekaru. Mutumin da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya ce wuƙar ba kaifi, shi ne zai ja kunama a gaban jama'a?

Sai ya shiga ƙulla dabara. Ya tafi ƙauyen da ke gaba da mu wurin taubashinsa, wani dogo siriri mai suna Ɗanliti, wanda mutanenmu ba su cika sani ba.

Ya ce, "Ɗanliti, kana son zama mataimakin kwamanda?"

"Da riga?"

"Da riga har da hula."

"Me zan yi?"

"Ranar Alhamis, da ka ga na shige gida, ka naɗe fuska da rawani, ka haura ta katangar baya, ka kwance akuyar matata Tabawa ka ruga. Za ta yi ihu. Da ka ji ƙara, ka saki akuyar ka yi ta kanka. Ni kuma in fito in ce na harbi ɓarawo. Wa zai sake cewa in harba sama, bayan na harba a inda ake bukata?"

"To ƙarar fa? Kada ka je ka harbe ni da gaske."

Gwadabe ya zaro wani abu daga aljihu. Nokawut ne, irin wanda yara ke fasawa da salla, manya-manya, ya haɗa su ya ɗaure da zare. Ya ce, "A cikin rumbu zan kunna. Rumbu na da amo, kuma ba mai ganina. Daga nan in rungumo bindigar a naɗe in fito."

Ɗanliti ya ce, "Kai, taubashi, kanka na ja."

Ja kuwa yana ja, sai dai ba a san inda zai kai shi ba.

Ranar Alhamis gindin ceɗiya ya cika maƙil. Har waɗanda ba sa sallar la'asar a jam'i ranar sun yi, don kada a ba su labari. Gwadabe ya fito ya sha damara, ya zagaya majalisa yana taku ɗai-ɗai, sannan ya ce, "Ku ja da baya kaɗan. Bari in shiga in taso ta."

Ya shige. Matarsa Tabawa tana madafa tana tankaɗe, ba ta gan shi ba. Ya lallaɓa bayan ɗaki inda rumbun yake. Kun san rumbun ƙasa, ƙaton ciki, ƙaramin baki a sama. Ya hau tsani, ya ture jinka, ya leƙa ya hango gefen tabarma can ƙasa. Ya zura ƙafafu, ya matse tumbi, ya sake jiki.

Tim.

Abin da Gwadabe bai lissafa ba, damina ta yi nisa, gero ya kusa ƙarewa. Shi rabonsa da leƙa rumbu tun kaka, lokacin yana cike har baki. Ci kawai ya sani. Da ya ɗaga kai sai ya ga bakin rumbun can sama kamar faifai, ko ya yi tsalle ba zai kamo shi ba. Tsani kuma yana waje. Ya ce a ransa, a bari dai a gama da na gaba. Ya laluba tabarma, ya ji ta shafal. Ya sake lalubawa. Ba komai a ciki. 

Daidai lokacin Tabawa ta ƙwalla ihu, "Ɓarawo! Jama'a ɓarawo! Ya tafi da akuya!"

Ba lokacin tunani. Gwadabe ya ƙyasta ashana ya kunna ƙunshin nokawut ɗin, ya ajiye a gabansa, ya toshe ido maimakon kunne.

Gwaram! Tau! Tau! Gwaram!

Wallahi ƙarar nan har tsuntsayen ceɗiya sai da suka watse. Rumbu ya yi girgiza, ƙura da hayaƙi suka yi sama ta bakinsa. Mu da muka taso da gudu za mu shiga gidan, sai kowa ya ci birki. Samarin nan masu sayar da gyaɗa su sayi bindiga, su suka fara cewa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wani ya bar takalmi, wani ya faɗa kan teburin mai shayi. Ni ina gefe ina kallo, kada ku tambaye ni wane gefe.

Tabawa ta fito zaure, zani a ɗamare, ta ce, "Su biyu ne. Ɗaya ya gudu da akuya, ɗaya ya faɗa rumbu, kuma da bindiga a hannunsa. Ina Malam?"

Aka ce, "Ai ya shiga ɗauko Raba-Gardama."

"Ni ban gan shi ba."

Wasu suka ce ya bi mai akuyar ta baya. Wasu suka ce ai ɗana irin wannan bindiga sai an natsu. Mai unguwa da Alhaji Shitu suka shiga tsakar gida a hankali, muka bi bayansu muna raɓe-raɓe. Mai unguwa ya tsaya daga nesa ya ɗaga murya, "Kai wanda ke cikin rumbu, an kewaye ka. Jefo makaminka ka faɗi sunanka."

Shiru.

Ya sake faɗa. Shiru. Ashe ƙarar ta toshe wa Gwadabe kunnuwa gaba ɗaya, ba abin da yake ji sai wiiii. Yana can yana cusa zangarniyar gero cikin tabarma yana naɗewa, don ta yi kama da mai ɗauke da wani abu.

Aka shiga shawara. Wannan ya ce a fasa rumbun, wancan ya ce a je a kira 'yan sanda, wani ya ce a jira Gwadabe. Kowa na ba da shawara, ba mai matsawa. Tabawa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta yi tsaki ta ce, "Geron da ya rage mana ke nan har kaka. Ba zan tsaya wani ƙato ya yi min fitsari a kai ba."

Ta shiga madafa ta fito da ƙwarya cike da garin barkono, irin ɗan munci ɗin nan da ko a miya sai an yi hattara. Ta hau tsani kamar mage, ta kawar da kai, ta juye rabi a ciki, ta jawo jinka ta rufe, ta danne da hannu.



Sai muka ji daga ciki, "Haaa... haaa... tishau!"

Rumbu ya amsa. Sai wata, sai wata, sai tari, sai wani irin gurnani. Tabawa ta karkata kai tana saurare. Ta daɗe tana saurare. Mace ta shekara ashirin da wani abu tana jin atishawar mijinta kowace safiya, ni dai ban ce ta gane ba, ban ce ba ta gane ba. Abin da na gani da idona shi ne ta ɗaga jinka ta juye sauran rabin.

"Wayyo Tabawa! Tabawa za ki kashe ni! Ni ne!"

Ta ce, "La, kamar muryar Malam."

Aka kawo igiya aka zura. Ƙarti suka ja, kai ya fito, kafaɗu suka fito, tumbi ya ce shi bai san zance ba. Aka ja, aka murɗa, aka ja, sai fut, ya zubo ƙasa. Fari fat da ƙura, gashin gira ya babbake, ido jawur, hawaye da majina sun haɗu a gemu. Amma duk da haka yana rungume da tabarmarsa kam.

Ana cikin haka sai ga hayaniya daga zaure. Matan da ke dawowa daga rijiya ne da wasu manoma suka shigo da Ɗanliti, an shaƙe masa wuyan riga, rawani ya warware yana jan ƙasa. Bayansa ga akuya, igiyarta na jan wani dogon ƙarfe mai tsatsa. Ashe da ya zo kwance ta ƙullin ya ƙi, sai ya tumɓuke turken gaba ɗaya ya ruga da su. Da ya ji ƙara ya saki, sai ƙarfen ya harɗe masa ƙafa ya kifa a cikin kwata. Mari ɗaya aka yi masa ya fara bayani tun daga bismilla.

"Wallahi taubashina ne ya sa ni. Ya ce zai ba ni mataimaki, da riga har da hula. Nokawut ne ya fasa, ku duba aljihunsa akwai ashana."

Duk wannan Gwadabe bai ji ko kalma ɗaya ba, idonsa kuma bai buɗe ba balle ya ga wanda ke tsaye a gabansa. Sai ya miƙe, ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya da ƙarfi irin na wanda ba ya jin kansa, ya fara karanto abin da ya haddace.

"Na harbe shi! Kun ji muryarta ko? Ƙato ne, baƙi, ya yi biyuna. Na same shi a cinya. Ku bi jini, ba zai yi nisa ba. Tishau! Kada kowa ya matso, har yanzu da zafi take."

Ɗanliti ya duba cinyarsa ya dube mu.

Jama'a, dariya ba ta fara nan take ba.  Mai unguwa ya taka ya zare tabarmar daga hannunsa, ya kama gefe ɗaya ya girgiza. Zangarniyar gero ta zubo, da kashin ɓera. Nan ne mutane suka zube. Alhaji Shitu da ba ya dariya sai da ya dafa bango.

Tabawa ta kawo ruwa ta watsa masa a fuska. Ya buɗe ido da ƙyar, ya ga tabarma a ƙasa, ya ga Ɗanliti, ya ga gari guda a tsakar gidansa. Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Amma Gwadabe ne. Ya daki ƙirji ya ce, "An sace ta. Wallahi a nan na ajiye ta. Ɓarayi sun sace min Raba-Gardama."

Mai unguwa kuwa ya matsa wurin akuya. Hankalinsa na kan ƙarfen da akuya ke ja. Ya sunkuya ya ɗauka, ya kankare laka daga gefen da ya sha binnewa, ya juya shi, ya leƙa ramin. Ya ce, "Ikon Allah. Ga kunama, ga inda ake zuba albarushi. Ina yaro na sha riƙe wa kakanka wannan. Yau dai ka yi gaskiya, Gwadabe, ɓarawo ya sace ta, har da akuya a jiki." Ya juya wurin Tabawa ya ce, "Ke ina kika samo wannan?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a rumbu, shekarar da na shiga shara kafin a zuba sabon gero. Gara ta cinye itacen tas, sai ƙarfen. Na ga ba shi da aikin yi, akuya kuma ta dame ni da karya turke, sai na kafa mata. Tabarmar na mayar na toshe wata tsaga."

Alhaji Shitu ya ce, "Shi bai taɓa gani ba?"

"Gani? Shi ke ɗaure ta kullum da magariba. Har yana cewa Allah ya yi wa maƙerin da ya yi turken nan albarka."

Wani tsoho ya faɗi zaune yana riƙe da ciki. Ni kam tausayi ya so ya kama ni, sai na tuna shekarun da muka yi ana ce mana matsorata, tausayin ya koma.

Mai unguwa ya sa hannu a aljihu ya zaro usur, ya miƙa wa Alhaji Shitu ya ce, "Gardama ta rabu. Ka biyo ni zaure ka karɓi riga." Sannan ya ɗora wa Gwadabe ƙarfen a hannu biyu, ya haɗa masa da igiyar, ya ce, "Kai kuma ga gadonka. Mayar da ita bakin aikinta."

Gwadabe ya ga an miƙo masa abu a gaban jama'a, ya ga bakin mai unguwa na motsi, ya ga kowa na washe haƙora. Sai fuskarsa ta saki. Ya juya wurin matarsa ya ce da ƙarfi, "Me ya ce? Ya ba ni kwamandan?"

Tabawa ta kama kunnensa, ta kai baki, ta ɗaga murya yadda har na bayan katanga sai da suka ji.

"Ya ce ka je ka ɗaure akuya."